Daga Zangon Fatake Zuwa Tagar Mota: Wa Ke Ba Da Izinin Kafa Wurin Abinci A Bakin Titin Potiskum?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titin Potiskum bayan sallar isha'i, musamman daren Talata wayewar Laraba lokacin da ake haramar cin kasuwar shanu, ya san yadda garin nan yake ciyar da matafiyi. Tirela za ta gangara gefe ta tsaya, yaron mota ya diro ya nufi teburin mai shayi, direba kuwa ko ƙasa ba zai taka ba, daga sama za a miƙa masa shayinsa da burodi da soyayyen ƙwai. Ƙaramar mota in ta rage gudu, kafin ka ce kwabo 'yan talla sun rufe tagoginta da dafaffen ƙwai da gyaɗa da ruwan leda da tsire a naɗe cikin takarda. Mutum sai ya ci ya ƙoshi bai buɗe ƙofar mota ba.

Abin da ya sa na fara da wannan shi ne wata hira da aka yi a majalisarmu kwanakin baya. Wani ƙaninmu da ke yawan zuwa Abuja ya ce shi in Allah ya hore masa jari, gidan abinci zai buɗe a hanyar Kano, irin wanda mota ke shiga ta ƙofa ɗaya, direba ya faɗi abin da yake so ta lasifika, ya matsa gaba ya biya, a miƙo masa ta taga, ya fice ta ɗaya ƙofar. Tun da ba mu da suna gare shi a Hausa, bari mu kira shi miƙo-ta-taga. Wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya dube shi ya ce, "To yaro, wa zai ba ka izini?" Nan fa baki ya rabu. Wani ya ce mai unguwa. Wani ya ce sakatariya. Wani ya ce sai an je Damaturu. Wani kuma ya rantse cewa in dai kana da takardar filinka, babu mahalukin da ya isa ya hana ka gina abin da ka ga dama. Da na koma gida na yi ta juya maganar, sai na ga kusan kowa a cikinsu ya faɗi gaskiya, sai dai kowa da zamanin da gaskiyarsa ta fito. Amsoshin nan huɗu tarihin garinmu ne a jere, kuma a kowane mataki akwai mutum ɗaya da muryarsa ta yi ta raguwa, wato maƙwabcin da zai kwana da hayaƙin da ƙarar.

Kafin zuwan mota, fatake ne ke bin hanyoyin da suka haɗa ƙasar Hausa da Barno, da jakuna da takarkarai da raƙuma, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi da goro, ga kuma maniyyata masu tafiyar ƙasa da suka nufi gabas. Ayari ba ya sauka inda ya ga dama. Madugu kan aika gaba a sanar da sarkin gari, a nuna musu zango, galibi a bayan gari kusa da ruwa, inda dabbobi ba za su shiga gonaki ba. Akwai sarkin zango, akwai fatoma mai saukar da baƙi ya tsaya musu a ciniki, akwai sarkin kasuwa da ke nuna wa kowa inda zai kafa rumfa, sarkin pawa kuma shi ke da ta cewa a kan inda za a yi yanka da inda za a kafa tukuba. Sana'o'i masu wari ko hayaƙi, irin jima da ƙira, suna da nasu ɓangaren. Abincin baƙo daga cikin gidaje yake fitowa, 'yan mata su kai fura da tuwo zango su dawo da kuɗi.

Izinin wancan zamani na baka ne, gaban shaidu. Ba na cewa adalci ne zalla, don talaka bai isa ya ja da sarki ba, mai gaisuwa mafi tsoka kuma ya fi samun wuri mai kyau. Amma wanda ya ba da izinin a garin yake kwana. In hayaƙi ya dami unguwa, shi ma hancinsa zai ji, gobe da safe kuma masu ƙorafi suna zaune a zaurensa.

In rigima ta wuce mai unguwa, akwai alƙali, kuma alƙalan ƙasar Hausa da na Barno duk da fiƙihun Malikiyya suke hukunci. Mutane da yawa ba su san yadda wannan fiƙihu ya yi zurfi a kan gini da maƙwabtaka ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya kuma tara hukunce-hukuncen a littafi guda: hayaƙin gidan burodi, warin majema, girgizar dutsen niƙa a jikin bangon maƙwabci, shagon da aka buɗe yana kallon ƙofar gidan mutane. A nan kusa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin filaye da yadda ake mallakarsu. Ƙa'idojin a taƙaice su ne: kana iya amfani da ƙofar gidanka ka zauna ko ka kasa kaya muddin ba ka ƙuntata wa mai wucewa ba, in an yi saɓani a kan faɗin hanya, zira'i bakwai ake bari, cutarwar da aka ƙirƙiro sabuwa ana kawar da ita in maƙwabci ya kai ƙara, amma wanda ya zuba ido shekara da shekaru yana gani bai ce uffan ba, yana iya rasa bakin magana. A riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Potiskum ɗin da muka sani yau hanya ce ta raine shi. Garin yana nan tun kafin Turawa, da Ngizimawansa da Karekare da sauran jama'ar yankin, amma a 1924 aka dawo da hedikwatar masarautar Fika nan, a zamanin Mai Fika Muhammadu ɗan Idrissa wanda ya yi sarauta daga 1922 zuwa 1976. Fika na can a lungu, Potiskum kuwa na kan hanyar da ta nufi Maiduguri, Bature kuma ya fi son ofis inda motarsa za ta kai. Da fada da ofisoshin En'e da bariki suka zauna, sai 'yan kasuwa suka biyo, Hausawa da Barebari da Fulani, har ga shi sunayen mazaɓunmu na yau, irin su Hausawa/Asibiti da Bolewa da Yerimaram da Dogo Nini da Dogo Tebo, suna ba da labarin wa ya zauna a ina.

Sai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, layin Barno kuma da ya bi ta Bauchi da Gombe da Buni Yadi ya isa Maiduguri a 1964. Ɗaya ya wuce ta arewa da mu, ɗaya ta kudu, babu wanda ya taɓa Potiskum. A garuruwan jirgi, kasuwa da masu abinci tasha suke kewayewa, tashar kuma wuri ɗaya ce mai shinge. Mu kuwa rabonmu ya faɗo a kan babbar mota. Shanu da hatsi da wake duk a bayan mota suke barin garin nan, hanyoyin Kano da Bauchi da Gombe da Gashuwa da Damaturu kuma duk a nan suka haɗu. Babbar mota ba ta da tasha ɗaya, duk inda ta sami gefen titi nan ne tasharta, inda ta tsaya kuma nan mai shayi zai kafa teburi. Shi ya sa cinikin abincinmu ya miƙe a tsawon titi kamar igiya, maimakon ya dunƙule wuri guda.

Turawan mulki sun zo da dokokin tsara gari, amma ba don mu aka yi su ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta kasa garuruwa aji uku, Ikko kaɗai ke aji na ɗaya, irin su Kano da Zariya da Kaduna suna aji na biyu, abin da ta fi damuwa da shi kuwa shi ne unguwar Turawa da wuraren kantuna da Sabon Gari. Tsarin ya tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata, wai don sauro da cuta. Cikin gari kuwa an bar wa En'e. A 1946 aka kawo dokar tsara birane da karkara, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ita ce kuma ta zauna a ƙasar nan har shekara 46. A ɓangaren fili, tun 1910 aka ayyana cewa ƙasar Arewa tana hannun gwamna a madadin jama'a, dokar 1962 ta gwamnatin Sardauna ta ɗora a kan haka.

A aikace, mutumin Potiskum na wancan lokaci bai san waɗannan takardu ba. Wanda ya sani shi ne dubagari. Dattawanmu har yau in ana hira sai sun ambaci yadda yake shiga gida ya leƙa randa, ya duba kwata, ya tsaya kan mai tuwo-tuwo ya ga ko ta rufe abinci, ya sa a kai mutum gaban alƙali a ci shi tara. Mai son rumfa ko fili ya bi ta mai unguwa zuwa hakimi zuwa ofishin En'e. An tsani dubagari, an kuma ji tsoronsa, amma dai an san fuskarsa da gidansu.

Bayan samun 'yancin kai aka shiga yayin manyan taswirori. Kano ta sami tsarin shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya jagoranta. Max Lock ya yi wa Kaduna nata a 1967, kamfaninsa kuma ya yi wa Maiduguri da wasu manyan garuruwan Jihar Arewa Maso Gabas irin wannan aiki a shekarun 1970. Taswirori ne masu kyau, an ware wurin kasuwa da na masana'antu da na makarantu da na tashar mota. Matsalarsu ɗaya: a ofis aka ajiye su, garuruwan kuma suka ci gaba da girma yadda dillalan filaye suka yanka.

Shekaru biyu ne suka sauya komai a kan tambayar dattijon nan. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, a shekarar ne kuma muka koma ƙarƙashin sabuwar Jihar Barno. A watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da aka ayyana na birni ne, gwamna ke ba da takardar mallakarsa da shawarar wani kwamiti. Na karkara, ƙaramar hukuma. Sayar da fili mai takardar gwamna ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, yana kuma iya ƙwace shi don amfanin jama'a. Daga ranar, sa hannun da ke da ƙarfi ya bar zauren mai unguwa ya koma Maiduguri, da aka ƙirƙiro Yobe ranar 27 ga Agusta 1991 kuma ya dawo Damaturu, tafiyar kilomita kusan ɗari. Mai unguwa bai daina sa hannu a takardar ciniki ba, kowa ya san haka, amma ya koma shaida kawai.

A nan ne abokinmu mai rantsuwa da takardar fili ya yi kuskure, kuma kuskuren da yawancinmu ke yi ne. Takardar mallaka daban, izinin gini daban. Ita kanta takardar tana faɗin abin da aka ba ka filin dominsa, gidan zama ne ko kasuwanci, mai da gida ya koma gidan mai ko gidan abinci kuma sai an nemi sauyi. Dokar da ta fayyace wannan ita ce ta tsara birane da yankuna, mai lamba 88 ta 1992, zamanin Janar Babangida, wadda ta maye gurbin ta 1946. Ta tanadi hukumar tsara gari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kowace da sashen kula da gine-gine. Ta ce ko gwamnati ce za ta yi gini sai ta nemi izini. Ta ba da damar a ƙi amincewa da gini in zai yi mummunan tasiri ga muhalli ko ga mazauna wurin. Ta ce a baje daftarin taswirar gari jama'a su gani su kawo ƙorafi a rubuce, ta kuma tanadi kotu ta musamman don ɗaukaka ƙara. A takarda, maƙwabci ya dawo da muryarsa.

Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya lokacin Bola Tinubu na gwamna Yemi Osinbajo na kwamishinan shari'a, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, tarayya ba ta da ikon shimfiɗa musu doka a kai in ban da Abuja. Ma'ana, abin da zai yi aiki a Potiskum shi ne abin da Yobe ta kafa ta kuma aiwatar. Wanda ya ce sai an je Damaturu bai yi ƙarya ba.

Wanda ya ce sakatariya ma yana da hujja, hujjarsa kuma a cikin tsarin mulkin 1999 take. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da sa ido a kan shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, har da allunan talla. Mu dai abin da muka fi gani daga wannan iko shi ne rasit. Ga kuma mai iko na huɗu da ba wanda ya ambata a majalisar: hanyar Kano zuwa Maiduguri ta tarayya ce, ƙa'idar ma'aikatar ayyuka kuma ita ce a bar mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe babu gini. Lokacin da aka ba da kwangilar tagwaita hanyar a 2006, aka kasa ta kashi biyar, biyu daga ciki, Azare zuwa Potiskum da Potiskum zuwa Damaturu, a garin nan suka haɗu. Duk mai son ya san ko ana bin ƙa'idar mita arba'in da biyar ɗin nan, ya ɗauki igiyar awo ya fita bakin titi. Ni dai ba zan ba shi shawarar ya yi da rana tsaka ba.

To ina shi miƙo-ta-taga ya samo asali, me ya sa kuma a ƙasashen da ya fito ake zaman majalisa a kansa? Ɗan Amurka ne, haihuwar bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da mota ta yi arha. Kamfanin In-N-Out ya fara a Kalifoniya a 1948 da lasifikar da direba ke magana da mai dafa abinci. McDonald's bai buɗe tagarsa ta farko ba sai 1975, a garin Sierra Vista na jihar Arizona, dalili kuwa shi ne sojojin barikin da ke kusa an hana su sauka daga mota da kakin aiki in sun fita gari. Abin ya bazu har ya zama yawancin cinikin irin waɗannan kamfanoni ta taga ake yinsa. Daga baya garuruwa suka fara ganin kuɗin da suke biya: layin motoci ya fito har kan titi, injuna na aiki a tsaye suna hayaƙi, lasifika na tashi tsakar dare a bayan ɗakin kwanan mutane, mota na ratsa hanyar masu tafiya a ƙafa sau ɗaruruwa a yini. Garin San Luis Obispo ya hana su tun 1982. Birnin Minneapolis ya hana gina sababbi a 2019, ya bar tsofaffin. A Landan, wata ƙaramar hukuma mai suna Waltham Forest ta fara a 2009 hana buɗe sabon shagon soye-soye a cikin mita 400 daga makaranta, saboda ƙibar yara. Mita 400 kusan daidai take da yadi 440 ɗin da suka gitta tsakaninsu da kakanninmu; awo ɗaya, amma wannan karon 'ya'yan talakawansu ake karewa.

Abin lura a tsarinsu ba hanin ba ne, don sau da yawa ana ba da izinin. Abin lura shi ne matakan. Mai gini ya kai zane, a manna sanarwa a jikin filin, a aika wa maƙwabta takarda, a ba su kwanaki su yi magana, injiniyan hanya ya lissafa motoci nawa za su shiga a awa da inda za su yi layi, sannan kwamitin kansiloli ya zauna a bainar jama'a. Galibi da sharaɗi ake amincewa: a rufe ƙarfe kaza, a juya lasifika ta bar kallon gidaje, a matsar da ƙofar shiga daga mahaɗa, a kwashe shara. In ka cire takardu da injiniya, wannan zaman bai da nisa da zauren mai unguwa na da.

A Najeriya gidajen abincin zamani sun fara yaɗuwa da Mr Bigg's a 1986, Chicken Republic ya biyo a 2004, KFC ya shigo Legas a 2009. Amma mu a nan sana'ar da ta fi kama da miƙo-ta-taga wajen shigar mota da fitarta ita ce gidan mai, kuma mun ga yadda suka tsiro. Na san wani layi da mutane suka wayi gari suka ga ana haƙa rami mai zurfi a kangon da suka ɗauka gida za a gina, bango ɗaya da wata makarantar allo. Da dattawan layin suka je tambaya, aka nuna musu takardu masu hatimi, aka ce komai ya kammala. Ba wanda ya karya doka a fili, ba kuma wanda ya tambaye su. Suka yi ta kai-komo har aka binne tankuna, daga nan kowa ya haƙura. Ka tuna hukuncin malaman fiƙihu a kan wanda ya yi shiru yana gani. Waɗannan ba shiru suka yi ba, labari ne bai same su ba sai da aka makara.

Kada mai jari ya ɗauka wannan rashin tambaya riba ce gare shi. Kano ta nuna mana akasin haka. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje an ba da filaye a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da filin sukuwa, 'yan kasuwa suka biya, suka karɓi takardu, suka zuba dukiya, jama'a da dama na gunaguni ba a saurare su ba. Abba Kabir Yusuf ya sha rantsuwa ranar 29 ga Mayu 2023, cikin 'yan kwanaki motocin rusau suka fita, gwamnatinsa na cewa filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka tafi kotu, a watan Satumba babbar kotun tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, a Disamba aka sasanta a kan biliyan 3. Ba na shiga siyasar wa ya fi gaskiya. Abin da na gani shi ne izinin da aka bayar a ɗaki an soke shi a ɗaki, ɗan kasuwa ya yi asara, baitulmali ya biya diyya da kuɗin talakan da ba a tambaye shi ba ranar gini, ba a kuma tambaye shi ba ranar rusau. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

Potiskum ta ƙara cika tun bayan ƙidayar 2006 da ta ba ƙaramar hukumar mutum 205,876 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 559. Shekarun tashin hankali sun kawo mana 'yan gudun hijira, sun kuma bar mana tabo, ciki har da harin kasuwar shanu na ranar 2 ga Mayu 2012 da ya ci rayuka fiye da talatin. A waɗancan shekaru, inda za a faka da inda za a kasa kaya da lokacin da za a tashi duk umarnin tsaro ne, ba wanda ya yi musu, kuma da dalili. Amma mun fito daga ciki da sabon jiran umarni. Gwamnatin Mai Mala Buni da ta hau a 2019 ta sa hannu a aikin kasuwar zamani da tashar manyan motoci a garin nan, abin a yaba ne. Sai dai duk ranar da aka ce tireloli su bar gefen titi su koma wuri ɗaya, ba motoci kaɗai aka tayar ba. An tayar da mai shayi da mai tsire da matar da ke dafa shinkafa da wake tana biyan kuɗin makarantar marayu, da mai faci da mai wankin mota. Su waɗannan ba su da takardar fili, ba su da zane, izininsu bai wuce rasit ɗin sakatariya da haƙurin mai gidan da suke ƙofarsa ba, alhali su ne suka gaji sana'ar ciyar da baƙo tun daga zango.

Don haka in ƙaninmu ya tashi da gaske, ni ina goyon bayansa, zai ɗauki yara aiki, zai sayi kaji da dankali da attarugu a wurin mutanenmu. Amma na gaya masa hanyar da zai bi doguwa ce: ya duba abin da aka rubuta a takardar filinsa, ya nemi sauyi in na gidan zama ne, ya kai zane hukumar tsara gari ta jiha, ya auna nisansa daga tsakiyar titin tarayya, ya nemi lasisin abinci a ƙaramar hukuma. Tambayoyin da suka fi nauyi kuwa wataƙila babu ofishin da zai yi masa su. Motar da ta fito daga Azare da gudu, ta ina za ta karya ta shiga? In motoci goma suka yi layi daren kasuwa, a cikin filinsa za su tsaya ko a kan kwalta? Ruwan wanke-wanke ina zai bi da damina? Janareto ɓangaren wa zai kalla? 'Yan makarantar da ke bin gefen nan da safe fa? Masu teburi uku da suka shekara goma a ƙofar filin, korarsu zai yi ko zai yanka musu gefe?

Dattijon nan da ya fara tambayar ya saurari duk wannan, sannan ya ce shi a zamanin aikinsa ba a taɓa manna sanarwa a jikin fili ba, amma bai ga abin da zai hana ba, kwali ne da alƙalami da kwana ashirin da ɗaya. Ya ce wa yaron ya fara da mai unguwa da limamin masallacin layin, a tara maƙwabta bayan la'asar ya shimfiɗa musu zanen a kan tabarma kafin ya kai shi Damaturu. Yaron ya ce ai doka ba ta ce ya yi haka ba. Dattijo ya ce ya sani, ya kuma tambaye shi nawa ake sayar da buhun siminti yanzu, da buhu nawa yake shirin zubawa a wurin.